Yumɓun Iware

Saliha na cikin ɗiga asid a kwalba ta bakwai aka ɗauke wuta. Injin da ke girgiza kwalaben ya yi ɗan kuka ya mutu, fankar sama ta ƙara juyawa sau uku don kunya, sannan ita ma ta tsaya. Saliha ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ƙarasa ɗigawa, ta rufe kwalbar, ta rubuta lamba a jikinta. Ƙarfe goma bai yi ba, amma zufa ta riga ta manna mata riga a baya.

"Wuta ya tafi ke nan," in ji Baba Tobiya, mai kula da injinan ɗakin gwajin, wanda saura wata biyar ya yi ritaya kuma duk wanda ya shigo sai ya ji. "Janareta kuma babu mai. Na faɗa masu, sun ce in rubuta takarda. Na rubuta, sun ce ba haka ake rubutawa ba."

Ta ɗauki kwalbar ta soma girgiza ta da hannu. Ta saba. Shekara uku ke nan tana fama da digiri na biyu da aka ce mata na wata goma sha takwas ne, ga aikin koya wa ɗalibai riƙon kwalba da wanke ta, wanda shi ne ainihin abin da ake biyanta dominsa. Ta gaji da makarantar, ta gaji da warin asid, ta gaji da a tare ta a gidan biki a ce mata, "Har yanzu dai karatun?"

Aikin nata a kan yumɓu ne. A unguwarsu ta Sarkin Dawaki, bayan gidan mahaifiyarta, akwai wani fili da masu fasa tsofaffin baturan mota suka daɗe suna aiki a cikinsa kafin a tashe su. Sun tafi sun bar dalma a ƙasa, ruwan sama kuwa ya yi ta bi da ita cikin rijiyoyin kusa. Ruwan fes yake a ido, babu wari, babu ɗanɗano. Sai da Saliha ta auna na rijiyar gidansu ta ga lambar da ta hana ta cin abinci ranar. Shi ne ta sa ƙanenta Njidda, da yake yana harkar shanu a kasuwar Iware, ya riƙa haƙo mata farin yumɓu daga wani bakin rafi a can. Ita ke wanke shi, ta busar, ta daka, ta tankaɗe, ta ɗinke shi cikin jakar farin yadi, ta shimfiɗa tsakanin yashi da tsakuwa a wani babban bokiti mai famfo. A zuba ruwan rijiya ta sama, a tara na sha ta ƙasa.

Abin ba wani sihiri ba ne. Yumɓu falle-falle ne sirara da ido ba ya gani, kuma jikin kowane falle yana jan ƙwayoyin dalmar da ke yawo a ruwa, su manne masa kamar ƙarangiya a gefen zane. Ruwa ya wuce, dalma ta tsaya. Sai dai yumɓun ba ya kashe ta, ba ya narkar da ita, riƙe ta kawai yake yi. In ya cika ya daina kamawa, a canza wani. In kuma ya gamu da tsami mai ƙarfi, sai ya saki abin da ya riƙe. Wannan sakin shi take aunawa a kwalaben nan tun makon jiya.

"Wannan na bakwai ɗin," Baba Tobiya ya ce yana fifita da murfin kwali, "shi ne kika ce ƙarfinshi kamar na cikin mutum ko?"

"Shi ne. Tsaminsa daidai da na ruwan ciki. A nan ya fi saki, kusan kashi tamanin cikin ɗari."

"To, Allah ya sa kada akuyan wani ya ci."

Ta yi ɗan murmushi don kada ya ji ba daɗi. A daidai nan Dakta Elias, malamin da ke duba aikinta, ya leƙo ta ƙofa, makullin mota a hannu. Shi kullum a kan hanyar fita yake.

"Malama Saliha, an sa maki Alhamis mai zuwa ki kare aikinki. In kika wuce wannan, sai baɗi, kuma ni ba na jin ina nan baɗi. Jadawalin ƙarshe fa? Na yumɓun da ya yi aiki a gida, ba wannan na cikin kwalba ba."

"Yana gida, Dakta. Sau huɗu na canza jakar, duk na sa an ajiye mani."

"A ajiye ba ya auna kansa. Ki ɗauko shi yau."

Ta so ta ce babu wuta, ta ga babu amfani. Ta cire farar rigar aiki, ta yafa gyale ta fita.

Keken da ta shiga ya tsaya sau biyar kafin kasuwa, kowace tsayawa da gardamarta. Wata mata ta ɗora mata buhun doya a kan ƙafa ba ta ko ce sannu ba. Rana irin ta watan huɗu, wadda ke sa mutum ya ji haushin kowa ba tare da an yi masa komai ba. Saliha ta jingina kai da ƙarfen keken ta lumshe ido. Abin da kawai take so shi ne ta ɗauki robar tsohon yumɓun, ta sha ruwa, ta juya.

Ta tarar da Dada, mahaifiyarta, a ƙofar ɗaki tana tsince wake a faifai. Hamna, matar Njidda, tana kwance a tabarma ƙarƙashin darbejiya, ta tokare baya da matashi. Cikinta wata bakwai. Shekararta shida a gidan, ciki biyu sun zube mata, na biyun har ya soma motsi. Bayan wannan na biyun ne Saliha ta ɗebi ruwan rijiyar ta kai ɗakin gwaji, kuma ko da yake ba ta taɓa rubuta haka a takarda ba, saboda Hamna ta zaɓi aikin nan gaba ɗaya. Wannan karon cikin ya zauna. Duk gidan a hankali ake tafiya, ko ƙofa ba a bugawa da ƙarfi.

"Adda, sannu da zuwa," Hamna ta ce, yadda Fulani ke kiran yaya mace, tana ƙoƙarin tashi.

"Kwanta abinki. Yaya jikin?"

"Da sauƙi. Ciwon mara ne dai, da kasala. Bakina kuma kamar na tsotsi ƙusa."

"Laulayi ne," in ji Dada ba tare da ta ɗago ba. "Ke kuma, da tsakar ranar nan? An kore ki ne?"

Dada ba ta kiran sunan Saliha, ’yar fari ce. Shekara talatin da takwas "ke" ce, in an yi baƙi kuma "Malama".

"Saƙo na zo ɗauka, yanzu zan koma."

Ta zagaya bayan ɗakin girki inda ta ajiye tsohuwar robar fenti mai murfi. Ta sunkuya ta sa ƙarfi za ta ɗaga, sai robar ta taso mata sakayau har ta kusa faɗuwa. Ta buɗe. Jakunkunan yadi huɗu na ciki, an farke su, an wanke, an ninke. Yumɓu kuwa ko na shafawa babu.

"Dada, ƙasar da ke cikin robar nan fa? An zubar ne?"

"Wa zai zubar? Ba ke kika ce kada a zubar ba?"

Dada ta ajiye faifan, ta dafa gwiwa ta miƙe, fuskarta a sake irin ta wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi. Ta shiga ɗaki ta fito da wata samira, ta buɗe murfin. Ƙamshin hayaƙi ya taso. Ƙananan curi ne masu ruwan toka, kowanne kamar ƙwan tantabara, an gasa su sun yi sumul. Ba su fi goma sha biyu ba, a samirar da za ta ɗauki ɗari.

"Yarinyar nan ce kwaɗayin farar ƙasa ya taso mata," Dada ta ce. "Ba ta iya barci sai ta ci. Na sayo ta kasuwa, malamar awo ta gani ta yi ta faɗa, wai ƙazanta ce, wai ba a san ramin da aka haƙo ta ba. Na ce to, ai mu muna da wadda aka san raminta. Ke da hannunki kika wanke ta, kika tankaɗe a makaranta. Duk Jalingo akwai ƙasa mai tsabtar wannan? Na kwaɓa da ɗan gishiri, na turara a kan itacen ƙirya, yadda uwata ta yi mani lokacin ina da cikinki."

Saliha ta ja da baya. Ta nemi turmin da ke kife ta zauna a kai.

"Hamna, tun yaushe?"

"Ya kai wata biyu, Adda."

"Guda nawa a rana?"

"Uku. In zuciyata na tashi, huɗu." Hamna ta dubi Dada, ta dubi Saliha. "Laifi ne?"

"Kun ba wani?"

"Matar Peter maƙwabcinmu ta roƙa har sau biyu, ita ma tana da juna biyu," in ji Dada. "Na hana. Na ce ba ta isa rabawa ba, ta ’yar gida ce."

Ba ta so ta yi lissafin ba, kanta ne ya yi da kansa. Wata takwas na ruwan rijiya, bokiti shida a rana, duk dalmar da ta yi ta murnar ta cire, tana shigar da lambobin a littafi tana ja masu layi. Ba ta tafi ko'ina ba. Tana nan an tara ta wuri guda, an sa mata gishiri. Sai kwalba ta bakwai ta faɗo mata a rai.

"Dada," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "gubar da ke cikin ruwan, duk tana cikin ƙasar nan. In ta shiga ciki sai ta sake ta."

"A'a. Ke kika ce mani tana jan guba. Na tambaye ki a nan, a tsaye, kika ce tana jan guba. Abin da ya ja guba daga ruwa, ba zai ja daga jikin mutum ba? Ni har cewa nake magani nake ba ta, ya kwashe ta da, wadda ta zubar mata da waɗancan."

Saliha ta tuna ranar sarai. Ta taso daga aiki da yamma, ta haɗa bokitin tana jin kanta kamar zai tsage, Dada na tsaye a kanta tana ta tambaya: mene ne wannan, don me yashi, ina dattin yake tafiya. Ita kuwa ta ce, "Jan gubar take yi kawai, Dada. In na canza kada a zubar." Ta ɗauki jakarta ta tafi. Dakta Elias kuwa ta rubuta masa bayanin har shafi arba'in, da Turanci, har da zane. Matar da za ta zauna da bokitin kullum ta samu magana biyu a tsaye.

Haushi ya taso mata, ta rasa wanda za ta sauke wa. Ta miƙe.

"Hamna, ɗauko katin awonki da mayafi."

Dada na tsaye da samirar a hannu har suka fita.

A asibiti layi ya kai bakin baranda. Suka zauna a benci awa biyu, Hamna na gyara zama, Saliha na kallon takalman mutane. Wayarta ta yi ƙara, Dakta Elias ne.

"Kin samo?"

"Babu shi, Dakta."

"Kamar yaya babu? Alhamis fa, Malama Saliha."

"Na sani. A ba wani ɗalibin ranar." Ta kashe wayar. Ta yi zaton za ta ji zafin shekara ukun nan, sai ta ji babu wurin da zafin zai zauna.

Likitar, Dakta Cynthia, mace ce siririya mai jajayen idanun rashin hutu. Ta duba ƙasan idon Hamna, ta duba dasashinta, ta juya curi ɗaya da Saliha ta naɗo a takarda.

"A ina kika sayi wannan, Madam?"

Hamna ta sunkuyar da kai. Ba za ta ambaci surukarta a gaban baƙuwa ba, ko da wuƙa a wuya.

"A kasuwa," ta ce.

"Ba a kasuwa ba ne," in ji Saliha. "Ni na kawo shi gidan. Na matacin ruwa ne, ya sha dalma wata takwas. Ban yi masu bayani ba."

Likitar ta ɗago ta dube ta, sannan ta ci gaba da rubutu. Ba ta yi faɗa ba, Saliha kuwa da ta yi ɗin ta fi so. Ta ce dalma na ratsawa ta kai ga jariri, wannan ba a ɓoye shi. Nawa ta kai, sai jini ya nuna, kuma a nan ba su da injin, sai an aika da shi wani gari. Kwana goma, in mota ta tafi a kan lokaci. Ta rubuta maganin ƙarin jini da na ƙashi, ta ce a dawo jibi a ɗauki hoton cikin.

"Ruwan da take sha fa? Matacin yana aiki da gaske?"

"Yana yi. Na auna sau goma sha shida."

"To kada a daina. Ko kofi ɗaya na rijiyar nan kada ya shiga bakinta haka nan. Jikinta ba shi da wurin ƙari."

A cikin keke, a hanyar komawa, Hamna ta kamo hannun Saliha ta ɗora a gefen cikinta. Wani abu ya tokare tafin hannun, ya janye, ya sake tokarewa.

"Kin ji, Adda? Yana motsi sosai. Alama ce mai kyau ko?"

"Eh" na bakin Saliha, ƙiris ya rage ta fito. Gajeriya ce, ba ta da nauyi, kuma da ita za a isa gida lafiya.

"Yana da rai, yana da ƙarfi, wannan gaskiya ne," ta ce. "Amma motsi ba ya nuna dalma. Ban sani ba, Hamna. Sai nan da kwana goma."

Hamna ta gyaɗa kai. Can ta ce, "Wa zai gaya wa ƙanenki in ya dawo daga Iware?"

"Ni."

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka shiga gida. Tsakar gidan an share shi tas. Babban bokitin na kife a gindin katanga, yashinsa da tsakuwarsa an watsar a kwata, jakar yumɓun da ke ciki an ƙulle ta a leda tare da samirar an ajiye nesa, kamar mushen kaza. Tukunya na kan murhu. Dada na zaune kusa da randa, idanunta sun kumbura.

"Na fitar da abin nan," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Na ja na rijiya na tafasa, har sau biyu. Ga shi nan yana hucewa. Ta sha wannan."

Saliha ta tsaya da gyale a hannu. Tafasawa ba ta taɓa dalma, sai ma ruwan ya ƙone ta ƙara kauri. Ƙafafunta na zugi, tun safe ko ruwa ba ta sa a bakinta ba, kuma abin da jikinta ke so shi ne ta ce "ba haka ba ne" ta haɗa bokitin ta tafi gida. Ta ajiye jakarta. Ta jawo turmin nan ta zauna a gaban mahaifiyarta, gwiwa da gwiwa.

"Dada, ranar da kika tambaye ni ban ba ki amsa ba. Yanzu zan ba ki. In na faɗi abin da bai shiga ba, ki tsayar da ni."

Ta fara daga filin batura. In Hausa ta ƙare mata sai ta koma Fillanci, in shi ma ya ƙare ta ɗauki ƙarangiya daga gefen zanen Dada ta manna a yadi ta cire. Dada ta tsayar da ita sau uku. A na ukun ta ce, "Wato sabuwa tana kamawa, tsohuwa tana ɗauke da shi." Saliha ta ce haka ne. Dada ta juya fuska wajen bango, kafaɗunta na rawa, ba sauti.

Saliha ta tashi ta tsince tsakuwar daga kwata ta wanke, ta ɗebo sabon yashi, ta ɗauko sabuwar jaka daga cikin waɗanda ta tanada a ɗakin Njidda. Ta jera komai a gaban idonsu, ta ja guga biyu ta zuba, ta zubar da na farko da ya sauko. Ana kiran magariba a masallacin bakin layi famfon ya soma ɗiga fari. Ta tara kofin silba ya cika, ta shanye rabi a tsaye suna kallo, sannan ta sake cika shi ta miƙa wa Hamna.

Hamna ta karɓa da hannu biyu. Ta dubi bokitin, ta dubi tukunyar da ke kan murhu, ta dubi bayan Dada. Ba ta sha ba, ba ta kuma ajiye ba.

Dada ce ta yi magana, fuskarta na wajen bango har yanzu.

"Sha," ta ce. "Saliha ta yi bayani."